In na tada babur, Duna sai ya birkice

Wasiƙar wannan makon daga wani ƙauye ta fito cikin ƙaramar hukumar Auyo, jihar Jigawa. Na rage mata tsawo, amma maganar tasa ce.

"Assalamu alaikum Kawu. Ni manomin rani ne. A Nuwamban bara mota ta take wata karya a bakin titin garinmu, ta bar 'ya'ya. Na ɗauki ɗaya, idonsa bai daɗe da buɗewa ba, na raine shi da madara a murfin kwano, na sa masa suna Duna. Duk rani tare muke kwana a bukkar lambu, muna gadin tumatir da injin ban ruwa. Da damina ta faɗi na dawo gida, na yi aure, na kuma karɓi babur ina acaɓa, ranar Lahadi har Gujungu nake kai mutane. Tun daga nan Duna ya birkice. In na ɗaure shi a zaure na fita, kuka da haushi har maƙwabta su zo su yi wa mahaifina magana. Ya cinye zana, ya haƙa rami a ƙarƙashin ƙyaure har farcensa ya yi jini, ya karya haƙori a jikin sarƙa. Tuwon da na bar masa, yadda na ajiye haka nake tarar da shi. In na sake shi kuma, bin babur yake har kwalta. Da na dawo, sai ka ce ba shi ba. Na doke shi sau biyu, abin gaba ya yi. Wasu sun ce aljanu yake gani, wata tsohuwa ta ce kukan mutuwa ne. Abokina ya ce in riƙa murza masa tiramol a abinci. Baba ya ba ni zuwa kaka, in bai daina ba in rabu da shi. Ni kuma ba zan iya ba. Yaya zan yi?"

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya sanya albarka a auren, ya tsare hanya.

Mu fara da abin da ba ya jira. Duk karen da halinsa ya sauya, tambayar farko ita ce ko ciwon haukar kare ne. Naka bai yi kama da shi ba. Karen da ya kamu ba ya warkewa don maigidansa ya dawo daga kasuwa, kuma daga ranar da alamu suka bayyana da wuya ya wuce kwana 10 a raye, alhali Duna wata da watanni yana wannan hali. Sai dai ba ka ce mini an yi masa allura ba, kuma kare ne mai bin titi, mai gamuwa da karnukan da ba ka san asalinsu ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan ciwo yana kashe mutum kimanin 59,000 a shekara, kusan duk a Afirka da Asiya, kuma kusan duk daga cizon kare. Ana yi wa kare allurar tun yana wata 3, ana sabuntawa duk shekara, kuma a nan gida ma cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom a jihar Filato, wadda take can tun 1924, tana haɗa ta. Ka nemi malamin dabbobi na ƙaramar hukumarku cikin wannan makon. Ya duba haƙorin nan ma, don kare yana gama sauya haƙora wajen wata 7, wanda ya karye yanzu ba zai sake fitowa ba, kuma haƙori mai ciwo kaɗai ya isa ya ƙara wa dabba rashin natsuwa. In kuma tsautsayi ya sa ya ciji wani ko ya yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa na minti 15, a tafi asibiti a ranar, ba gobe ba.

To, yanzu ga ainihin maganar. Duna ba iskanci yake maka ba, ba kuma ramuwa yake yi don ka yi aure ka bar shi ba. Tsoro ne. Likitocin dabbobi sun san shi, suna kiransa fargabar rabuwa, kuma shaidarsa tana cikin wasiƙarka. Duba inda ya yi ɓarnar: ƙyaure da zana da sarƙa, wato duk abin da ya shiga tsakaninsa da hanyar da ka bi. Karen da zaman banza ya dama, takalmi yake taunawa, ya kori kaji, ya cinye tuwonsa ya nemi ƙari. Naka ko kallon tuwon ba ya yi. Ka taɓa ganin kare mai wata goma, lafiyayye, ya bar tuwo don taurin kai? Hausawa sun ce abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta, ya fi wutar zafi. Dabbar da ta ciji ƙarfe har haƙorinta ya karye, abin da take ji a ƙirji ya fi ciwon haƙorin.

Yadda aka yi ya zama haka ba ɓoyayye ba ne. Karen ƙauye da muka saba da shi, a ƙarƙashin rumbu ake haifarsa, ya yi wata biyu yana kokawa da 'yan uwansa, uwarsa tana fita yawo ta bar su ta dawo. Yara su ɗauke shi su ajiye, akuya ta tunkuɗe shi, duk wanda zai tafi gona shi yake bi. Karen gida ne, ba karen mutum ɗaya ba. Daga mako 3 zuwa wajen mako 12 na rayuwar kwikwiyo, abin da ya saba da shi a lokacin shi ne duniyarsa. Duna kuwa a daidai wannan lokacin ya rasa uwa, duniyarsa ta zama kai, da bukka, da ƙarar injin ban ruwa. Wata shida dare da rana bai taɓa buɗe ido bai gan ka ba. Sai rana ɗaya aka sauya masa gida, aka kawo mutanen da bai sani ba, aka sa masa sarƙa, kai kuma ka hau wani abu mai ƙara ka ɓace daga safe har magariba. Ba laifinka ba ne, da ba ka ɗauke shi ba da ungulu ta ɗauke shi. An ce sabo turken wawa, amma shi kare ba shi da wani turke sai sabo.

Dukan nan ka bari, kada ka ƙara. Na san abin da za ka ce mini: ai ya san ya yi laifi, da na shigo sai ya sunkuyar da kai, ya cusa wutsiya tsakanin ƙafafu. A 2009 wata mai bincike a Amurka, Alexandra Horowitz, ta gwada wannan maganar. Ta sa masu karnuka su hana karensu cin wani ɗan abinci su fita daga ɗaki. In sun dawo, wani lokaci a faɗa musu gaskiya, wani lokaci a ce kare ya ci alhali bai taɓa ba. Abin da ta gani shi ne wannan fuskar ta mai laifi faɗan maigida take bi, ba laifin ba. Karnukan da ba su ci komai ba aka yi musu faɗa, su ne ma suka fi yin ta. Kare yana haɗa horo ne da abin da yake yi a daidai lokacin. Zanar da ya ci da hantsi ka zo ka doke shi a kanta da magariba, abin da ya koya kawai shi ne dawowarka ma abin tsoro ce. Da fitarka kaɗai yake tsoro, yanzu ka ƙara masa na biyu. Shi ya sa abin ya yi gaba.

Abokinka mai tiramol kuma, ka gaishe shi, ka ce Kawu ya ce Allah ya shirya. Ƙwayar da aka murza da ka, ba awo, tana iya jefa kare cikin farfaɗiya, kuma ko ta kwantar da jikinsa, tsoron yana nan a ciki, ƙarfin gudu kawai ta ɗauke masa. Haka Panadol da ibufurofen da muke sha kamar gyaɗa, ga kare suna iya lalata hanta da ƙoda, su yi masa gyambon ciki. Akwai magunguna na gaskiya da aka yi don wannan matsala, irin su Clomicalm, da Reconcile wanda aka amince da shi a Amurka a 2007. Likitan dabbobi ne yake rubuta su bisa nauyin kare, suna ɗaukar makonni kafin su fara aiki, kuma tare da horo ake ba da su, ba a madadinsa ba. In ka yi wata biyu kana abin da zan faɗa maka ba ka ga motsi ba, sai ka tayar wa likita da maganarsu. Kantin magani na bakin tasha ba wurin wannan ba ne.

Maganar aljanu ba zan ja ta ba. Hadisin da ke cikin Abu Dawud cewa ya yi in mun ji haushin karnuka da kukan jakuna da dare mu nemi tsarin Allah. Bai ce wani zai mutu ba. Sannan wane irin aljani ne wannan da ba ya zuwa sai ka tada babur, ya kuma kama gabansa da zarar ka yi sallama?

Bari in ba ka wani labari daga gidanmu, don a nan na fara ganin maganin wannan abu tun ban san sunansa ba. Ƙanen mahaifina mafarauci ne, yana da wata karya ja mai farin ƙirji da ba ta rabuwa da shi. Wata shekara gero bai yi ba, ya tafi cin rani Ikko. Ranar da ya tafi aka ɗaure ta a gindin tsamiya don kada ta bi shi tasha. Kwana uku ba wanda ya runtsa. Mu yara, Allah ya yafe mana, hoge muka riƙa jifanta da shi don ta yi shiru, ni ne ma na fi kowa saiti. Rana ta huɗu kakata ta ɗauko tabarmarta da mazari da audugarta ta shimfiɗa a inuwar, nesa kaɗan da inda igiyar ta ƙare. Ba ta kalle ta ba, ba ta yi mata magana ba, ba ta kuwa taɓa ta ba, don ita ba mai son kare ba ce, barci kawai take so. Kaɗinta take yi, jifa-jifa ta ɓalli ƙanzo ta wurga ba tare da ta ɗaga kai ba. Ranar farko kaji ne suka ci ƙanzon. Ranar biyu karyar ta ɗauki ɗaya. Kafin mako ya zagayo tana kwance, haɓarta a kan ƙafafunta, tana kallon mazari yana juyawa. In kaka ta tashi yin alwala sai ta miƙe tsaye tana ƙugi, kaka ta dawo ta zauna, ta koma ta kwanta. Tafiyar alwala ta zama tafiyar salla, ta salla ta zama ta barka a maƙwabta. Da mai ita ya dawo farkon damina, ta yi murna har da fitsari, amma da yamma wajen tsohuwa ta koma ta kwanta. Ya ji haushi ƙwarai.

Abu biyu kaka ta yi, su ne kuma zan ba ka. Ta zama mutum na biyu a duniyar karyar. Sannan ta riƙa tafiya kaɗan-kaɗan, tana dawowa kafin tsoro ya kai mata iya wuya.

Mu ɗauki na biyun tukuna. Kai ɗan Jigawa ne, ba sai na koya maka yadda ake horar da shanun huɗa ba. Ba wanda yake kama ɗan bijimi yau ya ɗaura masa garma yau. Igiya ake fara sa masa, ya saba. A ɗora karkiya a zagaya da shi ba kaya. A ɗaura gungume ya ja. Sai ya daina tsalle a mataki ɗaya ake wucewa na gaba, kuma wanda ya yi gaggawa ya san sakamako, sa ne zai kwanta a kunya ko ya karya karkiya ya shiga dawar mutane. Wannan hanyar ce wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Afirka ta Kudu, Joseph Wolpe, ya tsara a shekarun 1950 don cire tsoro. Da kyanwoyi ya fara gwaji kafin ya koma kan mutane, kuma har yau a kanta masu gyaran halin karnuka suke tafiya. Zama shi kaɗai shi ne garmar Duna, kai kuma ranar farko ka ɗora masa ita ta wuni guda.

Sai ka san inda ƙarfinsa ya tsaya. Ari wayar amarya, ka kunna ɗaukar bidiyo, ka maƙale ta a inda ba zai kai ba, ka fita kamar yadda ka saba, ka ba da minti goma ka dawo. Wannan fitar ta minti goma sau ɗaya za ka yi ta. In ka zauna kallo, kada ka jira kuka, kuka ƙarshen zance ne. Farkonsa shi ne lasar leɓe, hamma ba barci, haki ba zafi, kunnuwa su koma baya, kai-komo a gaban ƙofa. Ka lura a daƙiƙa ta nawa suka fara. Yawancin karnuka masu wannan matsala cikin 'yan mintunan farko suke birkicewa, kuma ina kyautata zaton naka tun kana tsakar gida yake farawa. Ivan Pavlov, Barashen nan da ya ci kyautar Nobel a 1904, ya lura karnukansa suna zubar da yawu tun daga jin takun mai kawo musu abinci, tun abincin bai iso ba. Duna ma ya haddace karatunka: ka ɗauki makulli, ka sa hula, ka turo babur ta zaure. Kafin ka buga kik cikinsa ya riga ya ɗuri ruwa.

Don haka ka fara da ɓata masa wannan lissafi. Ka ɗauki makulli ka zauna ka sha kunu. Ka sa hula ka kwanta a tabarma. Ka turo babur waje, ka maido shi. In ya daina ɗaga kai a kan waɗannan, ka tada babur ɗin ka kashe, ka dawo ka zauna. Mutanen gida za su ɗauka wani abu ya taɓa ka. Ka bar su.

Daga nan sai fita. Ka fita bayan ƙyaure, ka ƙirga biyar, ka dawo. Biyar fa na ce, ba minti biyar ba. Ka shigo kamar ka je zubar da ruwa, ba lale, ba shafa kai, ba kallon ido. Ka ɗan zauna, ka sake: ƙirga takwas, sai uku, sai goma sha biyar. Kada ka riƙa hawa kullum kamar tsani, ka riƙa cakuɗa gajere da dogo don kada ya gane cewa kowace fita ta fi ta baya. Minti 15 zuwa 20 a rana ya isa, bayan asuba ko bayan la'asar in rana ta yi sanyi, kuma ka ba shi hutun kwana ɗaya a mako. Dokar ɗaya ce: ka dawo yana cikin hankalinsa. In ya fara kuka, kai ne ka yi nisa. Ka shigo ba faɗa, ka bari ya huce, gobe ka koma inda ya iya. Mutane za su ce maka in ka dawo yana kuka ka koya masa kuka ke nan, ka bar shi ya gaji don kansa. Ai wata nawa kana barinsa, ya gaji?

Farkon shi ne mai cin rai. Kana iya yin mako biyu ba ka wuce minti biyu ba, ka ji kamar wasan yara kake yi. Amma in ya kai inda za ka je masallaci ka yi jam'i ka dawo ka tarar da shi kwance, ka ci rabin yaƙin. Daga nan tazarar takan faɗaɗa da sauri: zuwa teburin mai shayi, zuwa gona ka duba gero, zuwa Juma'a. Sai a sake shigo da babur a hankali, don tafiya da ƙafa daban, tafiya da babur daban a wurinsa. Ka tada, ka je ƙarshen layi, ka dawo. Abinci ma ma'auni ne. A farfasa ƙuli-ƙuli a watsa masa cikin harawa ya yi ta shinshina yana tsinta, ko a ba shi busasshiyar ganda. Ƙashi mai tauri ka dakata da shi saboda haƙorin nan, ƙashin kaza dafaffe kuwa kada ya kusance shi, tsagewa yake ya soki hanji. Miyar da ta sha albasa da tafarnuwa ma ba ta kare ba ce, suna lalata masa jini. Ranar da bidiyo ya nuna maka yana cin ƙuli alhali ba ka nan, ka san an kama hanya.

Yanzu ga wurin da abin yake da wuya, kuma a nan yawancin mutane suke faɗuwa. Duk wannan horon ba zai yi aiki ba in da safe ka koya masa minti ɗaya, da hantsi ka ɗaure shi ka tafi Gujungu sai dare. Wuni ɗaya na firgita yana rushe aikin mako. Kamar mai ɗinke rauni ne da safe ya farke da rana. Ba zan ce ka ajiye babur ba, ga amarya ga balas ɗin mai babur. Amma kai ba a birni kake ba, inda kowa ya kulle ƙofarsa ya tafi aiki. A ƙauye kake, inda da wuya a rasa mai zama. Abin da Duna yake bukata shi ne irin kakata: ƙanenka da ya kai hankali, ko dattijon da yake wuni a ƙofar gida yana tufkar igiya, ko yaron da yake kai awaki kiwo.

Ka zaɓi mutum ɗaya, ka damƙa masa kwanon abinci. Daga ranar kai ka daina ba Duna ko loma, duk abin daɗi daga hannun wancan zai fito. Kwanakin farko ku zauna ku uku. Sannan shi ya riƙe igiya ku tafi gona tare, kai kana ɗan ja baya. Sannan su tafi su biyu. Zai yi maka ciwo ranar da ka ga ya ruga wajen wani yana kaɗa wutsiya, kamar yadda ya yi wa baffana, amma warakar ke nan. In ƙanenka ne, ka riƙa sa masa wani abu a aljihu ranar kasuwa, aikin Allah-ya-ba-ka-lada ba ya wuce mako biyu. Abu biyu kada ka yi. Kada ka bar ƙananan yara su kaɗai da kare mai firgita, balle yana ɗaure, don karen da ba shi da hanyar gudu cizo ne ya rage masa. Kuma kada ka ɗora wa amarya. Yarinya ko lallenta bai gama gogewa ba, ba za ka haɗa ta da kishiya mai ƙafa huɗu ba. In ta so don kanta, falillahil hamdu.

Zauren nan ma ka fitar da shi daga ciki. Zaure hanya ce, kowa ta nan yake wucewa, ta nan kuma yake ganin bayanka kullum. Ka kewaye masa wuri a inuwar darbejiya ko ƙarƙashin rumfa, kusa da inda mai kula da shi yake zama, da kaskon ruwa da ba ya kifewa. Tsohon bargon da kuka kwana a kai a bukka, in yana nan, shimfiɗa masa. In dole sai an ɗaure, a sa igiya mai faɗi wadda ta zagaya ƙirji, ba zarge a wuya ba, kuma nesa da katangar da zai iya haurawa ya rataye. Kullum da sassafe ya samu gudu har ya fitar da harshe, kare mai wata goma jini ne ke tafasa a jikinsa. Bin babur kuwa an gama shi daga yau. Ka tuna yadda uwarsa ta mutu.

Wani zai ce ka samo masa ɗan uwa su zama biyu. Galibi ba ya magani, don mutum yake nema ba kare ba, ka wayi gari da masu kuka biyu da kwano biyu.

Sai maganar Baba. Yana da gaskiya, kada ka ja da shi. Haƙƙin maƙwabci ba abin wasa ba ne, kuma shi ake tarewa a hanyar masallaci ana yi wa ƙorafi, ba kai ba. Ka bi gidajen nan ɗaya bayan ɗaya ka ba da haƙuri, ka ce ka ɗauki mataki. Da zarar an samu mai zama da Duna kukan wuni zai ragu tun kafin horo ya yi nisa, wannan kuma shi ne abin da ya dame su. Sannan ka samu Baba bayan isha, ka durƙusa ka nuna masa bidiyon. Dattijon da ya yi kiwo, in ya ga dabba tana haki tana dalalar yawu a gaban ƙofa, ba sai an yi masa fassara ba. In maganar addini ta taso, hadisan Buhari da Muslim sun keɓe karen farauta da na kiwo da na gona, Duna kuma na gona ne, a aya ta 4 ta Suratul Ma'ida ma an ambaci koyar da dabbobin farauta. Daga yanzu zuwa kaka kana da wata biyu zuwa uku. Ba zan yi maka alkawarin zai warke sarai a ciki ba, wasu karnukan sukan ɗauki fiye da haka. Amma ya isa Baba ya ga bambanci da idonsa, dattijo kuma in ya ga ana ƙoƙari yakan ƙara wa'adi.

In kuwa ka duba gabas da yamma ba ka samu mai zama da shi ba, to gaskiya ɗaya ce, ci gaba da ɗaure shi yana cin sarƙa zalunci ne, ko da sunan so ake yi. Sai ka nemi mafarauci ko makiyayi ko mai lambu, wanda yake wuni a daji da karnukansa, ka miƙa shi a hankali kamar yadda na faɗa a kan ƙanenka, ba a ɗaure shi a buhu a kai shi dare ɗaya ba. Wanda aka kai haka, ko dai ya yi wa sabon maigida abin da ya yi maka ya sha sanda, ko ya kamo hanyar gida ta kan kwalta. Tsugunne ba ta ƙare ba ke nan, an sayar da kare an sayi biri. Masu zagayawa ƙauyuka suna sayen karnuka suna lodawa zuwa kasuwar Dawaki a Filato kuwa, ka san ba aikin gadi suke kai su ba.

Akwai tarko ɗaya a gabanka. Nuwamba na zuwa, za ka koma lambu, Duna zai koma bukkarsa ya ga duniya ta dawo daidai, kai ma ka ce ai ya warke. In kuka sake yin wata shida manne da juna, damina mai zuwa sabon lale za ka yi. Ko a lambun ka riƙa barinsa a bukka kana zagayawa ƙarshen kanal, ƙanenka ya riƙa karɓar kwana, kwanon abinci kuma ya ci gaba da zama a hannunsa.

Ka rubuto mini bayan mako uku. Ka faɗa mini an yi allurar ko ba a yi ba, wa yake ba shi abinci, kuma ƙirga nawa ya kai a bayan ƙyaure.